Yabon da Ba a Faɗin Kuɗinsa: Taurari, Talla da Kunnen Manomin Arewacin Kano

Ranar Lahadi a kasuwar Dambatta, kafin mutum ya ƙarasa kara inda ake cinikin shanu, kunnensa da idonsa sun riga sun sha talla iri-iri. Ga mai maganin gargajiya ya ɗaure lasifika a kan mota yana jero cututtukan da garinsa ke warkarwa, daga basir zuwa sanyi zuwa shawara. Ga rumfar mai caji, inda samari ke miƙa waya a tura musu sabon kashi na fim mai dogon zango su biya 'yan canji. Ga kalanda a bangon shagon kayan masarufi, jaruma tana murmushi riƙe da sinadarin miya. Mai lasifika kowa ya san shi, ɗan kasuwa ne ke yi wa hajarsa kirari, kuma da wannan idon ake kallonsa. Sauran biyun ne abin dubawa, domin a cikinsu tallan ya shigo ne da fuskar wanda ake ƙauna.

Ba banza kamfanoni da 'yan siyasa suke zawarcin wannan yanki ba. Ƙasar da ta tashi daga Ungogo da Dawakin Tofa ta miƙa Bichi, Tsanyawa, Kunchi, Makoɗa, Dambatta da Minjibir tana cikin karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya fara rubutu a kan yadda gonakin kewayen Kano ke shan noma duk shekara babu hutu, ana riƙe ƙarfinsu da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa. Gonar gado ana ta raba ta tsakanin 'ya'ya har ta koma 'yar mitsitsiya. Magidanci yana zuba gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya, matarsa tana kiwon tumaki da awaki, da rani kuma ya tafi ci-rani ko ya sauka noman rani a bakin madatsar Watari ko ta Tomas. Irin wannan gida ba ya sayen kaya da katan. Ƙulli-ƙulli yake saye: omo na wanki ɗaya, dunƙule na miyar yau, katin waya na kira biyu. Sai dai gidajen suna da yawan gaske, kuma duk wanda ya iya sa kowanne ya fitar da naira 100 a mako, ya haye. Haka ƙuri'unsu suke da nauyi, domin mazaɓar sanatan Kano ta Arewa kaɗai ƙananan hukumomi 13 ce.

Yabo don abin hannu kuwa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, mai tsari da gado. Maroƙi yana da ubangida, makaɗin fada yana da sarkinsa, kuma su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata ba su taɓa ɓoye cewa ana yi musu alheri ba. Sau da yawa ma a cikin waƙar ake lissafa kyautar: wane ya ba da doki, wane ya ba da riga, wane ya ba da mota. A filin biki sanƙira ne ke ɗaga kuɗin sama ya faɗi adadinsu da sunan mai bayarwa, jama'a na ji. Wanda ya hana kuma ya san zambo na jiransa. Don haka mai sauraro yana da ma'auninsa. In ya ji an ce wane ya fi kowa kyauta a faɗin lardi, ya san an sa gishiri, sai ya rage abin da zai rage ya ci gaba da jin daɗin kiɗa. Ba wanda ke sayar da akuyarsa don maroƙi ya ce wani attajiri mai amana ne.

Abin da ya sauya shi ne sanƙiran ya ɓace. Kuɗin suna nan, sun ma fi na da, amma ta asusun banki suke bi, ba mai ɗaga su sama. Jarumi zai fito a waya cikin kayan zaman gida, ya yi sallama, ya kira masu kallo 'yan'uwa, ya ce wallahi shi ma abin da yake amfani da shi ke nan. Mai kallo a Shuwaki ko Saye ba shi da hanyar da zai bambance ko shawara ake ba shi ko haja ake tallata masa.

Hukuma ce ta fara gane cewa manomi ya fi sauraron fuskar da ya sani a kan takardar sanarwa. A ƙarshen zamanin Turawa da farkon mulkin kai, motocin majigi suna yawo ƙauye-ƙauye suna kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar dagaci, kuma dattawa har yau suna tuna fim ɗin Baban Larai, wanda aka shirya don koyar da noman zamani, musamman na auduga. Shi ma talla ne, amma kowa ya san motar gwamnati ce ta kawo shi.

Masana'antar fim ta Kano ta taso ne daga baya, da ƙafafunta. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, kafin shekarun 1990 su ƙare kuma mujallar Tauraruwa ta raɗa wa harkar sunan Kannywood. Shekara da shekaru mai kallo ne ke ciyar da ita kai tsaye: a buga kaset, daga baya faifan CD, a kai Ƙofar Wambai da Bata, 'yan kasuwa su rarraba har Maraɗi da Agadas. Satar fasaha da masu tura fim a waya suka durƙusar da wannan kasuwa. Sai tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014 da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, ta buɗe ƙofar shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Daga 2020 kuma Izzar So da Labarina suka nuna cewa miliyoyin mutane za su bi labari mako-mako a YouTube.

A nan lissafin ya juya. Manomin da aka tura wa fim a rumfar caji bai ba furodusa ko kwabo ba, abin da YouTube ke biya a kan mai kallo daga Najeriya kuma ba shi da yawa. Dole wani ya ɗauki nauyi. Shi ya sa ake tsayar da labari a tsakiya, daidai inda hankali ya tafi, a saka tallan fuloti, ko shagon atamfa, ko makaranta, ko maganin gargajiya, kuma ba abin mamaki ba ne a ga wanda ya gama fitowa a matsayin malami ko uba nagari shi ne ke yin tallan, wani lokaci da rigar da ke jikinsa a fim ɗin. Amanar da marubucin labari ya gina wa wannan fuska cikin watanni ita ake ara wa mai haja na minti biyu.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gano wannan. Glo ya ɗauki Ali Nuhu da Sani Danja a matsayin jakadunsa, aka riƙa ganin fuskokinsu a allunan bakin titi. A ƙarshen 2018 kamfanin NASCON na rukunin Ɗangote ya naɗa Hadiza Gabon jakadiyar sinadarin miyarsa. Irin wannan yarjejeniya a fili ake yin ta, a kira 'yan jarida, a ɗauki hoto, kuma gaskiya ba ta da wani babban aibu. Uwargida a Bagwai in ta sayi dunƙule don ta ga Gabon, a miyar daren nan za ta yanke hukunci. Layin waya in ba ya kamawa a bayan gari, fuskar Ali Nuhu ba za ta hana a cire shi a jefa a aljihu ba. Asarar 'yar kaɗan ce, gwajin kuma nan take ne.

Matsalar tana wajen kayan da ba a gane gaskiyarsu sai bayan aski ya zo gaban goshi, kuma abin takaici su ne suka fi buƙatar aron fuska, tunda ba su da wata shaida ta kansu da za su nuna.

Na farko magani. Mai ciwon suga ko hawan jini a ƙauyen da babban asibiti mafi kusa yake Bichi ko Dambatta, in ya ji wanda yake girmamawa yana cewa ga garin da ke raba mutum da cutar har abada, abin da zai fara yi shi ne ajiye ƙwayar asibiti. Ba zai ga illar a mako ɗaya ba. Ranar da ƙafa ta kumbura ko ɓarin jiki ya shanye, ba mai tuna bidiyon da ya jawo. Akwai wata dabara kuma da masu talla ke yi da lambar NAFDAC. Rajistar da hukumar ke yi wa yawancin magungunan gargajiya tana nufin an duba ba a ga abin da zai cutar nan kusa ba, ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka ce, shi ya sa ma ake wajabta rubuta a jikin kwalba cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Rubutun da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe. Abin da ake faɗa da Hausa da babbar murya shi ne yana da lambar NAFDAC.

Na biyu kayan gona. Damina ɗaya ce a shekara a wannan yanki, wata huɗu ko ƙasa da haka. Wanda ya shuka irin da ba shi ne ba, ko ya watsa takin da aka cakuɗa da yashi, sai a kaka zai sani, kuma shekarar ta tafi. Najeriya ta yi dokar ingancin takin zamani a 2019, hukumar kula da irin shuka ta ƙasa kuma ta fito da tambarin da ake kankarewa a tura lamba ta waya don gane na gaske. Manoma nawa ne a Tsanyawa suka taɓa jin bayanin wannan tambari a rediyo, in aka kwatanta da sau nawa suka ji sunan wani maganin feshi daga bakin mai gabatar da shirin da suka fi so? Batun maganin ƙwari ya wuce gona ɗaya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a jikinsa, wanda ake zubawa don kashe ƙwarin ajiya, a 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da shaguna. Waken da ake magana a kansa irin wanda ke taruwa a Dawanau ne, babbar kasuwar hatsi da ke bakin hanyar Katsina a ƙasar Dawakin Tofa.

Na uku kuɗi da fili. Bayan girbi ne kuɗi ke shiga hannun manomi a dunƙule, kuma daidai lokacin ne tallan fuloti a biya kaɗan-kaɗan da na zuba jari a ninka maka ke samun kunne. Irin wannan ce MMM, wadda ta rufta da jama'a a Disambar 2016. A 2024 samarin Arewa, har da na ƙauye, sun ƙarar da data da dare suna dangwalar waya a wasan Hamster Kombat da fatan dala, ranar rabo a watan Satumba mafi yawansu suka tashi da abin da bai kai kuɗin cajin da suka kashe ba. A Afrilun 2025 CBEX ta rushe da dukiyar mutane. Duk waɗannan ba da allon talla suka yaɗu ba, ta bakin mutanen da ake bi a kafafen sada zumunta suka bi, waɗanda galibi ana ba su kamasho a kan kowane mutum da ya shiga ta hannunsu.

Siyasa ita ce babbar kasuwar wannan sana'a, kuma a nan ne tsohon roƙo da sabon talla suka haɗu a jikin mutum ɗaya. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja a Katsina, ya yi suna da waƙoƙin Buhari a zaɓen 2015, waƙoƙin da suka shiga kowane lungu ta wayoyin 'yan acaɓa da lasifikar masu shayi. A 2020 ya yi wani abu da ya jawo surutu: ya ce ba zai sake yi wa Buhari waƙa ba sai talakawa masoyansa sun tura masa naira 1,000 kowanne. An zage shi sosai, amma in aka duba da kyau, wannan yana cikin lokutan da aka faɗi kuɗin waƙa a bainar jama'a kamar yadda sanƙira ke yi. A zaɓen 2023 ya koma yi wa Tinubu waƙa, a watan Oktoban shekarar kuma ya kira 'yan jarida a Kano ya ce Buhari ya lalata ƙasa kafin ya sauka. Mutumin da ya kwashe shekara takwas yana cewa ga mai ceto shi ne ya dawo yana cewa ba haka ba ne, ba tare da ya mayar wa kowa da naira dubunsa ba.

Sai dai kada a raina wayon mai sauraro. A Kano a 2023 waƙoƙin Tinubu sun cika gari, amma Kwankwaso ya samu ƙuri'a 997,279, Tinubu ya samu 517,341. Rarara ya shafe watanni yana yi wa Sha'aban Sharaɗa na jam'iyyar ADP waƙar takarar gwamna, ɗan takarar bai kai ƙuri'a 20,000 ba, a zaɓen da Abba Kabir Yusuf ya samu 1,019,602, Nasiru Gawuna kuma 890,705. Mutane sun taka rawar waƙar, suka je rumfar zaɓe suka yi abin da ke ransu. Farin jinin ma yana iya juyewa ya zama wuta: bayan sanar da sakamakon gwamna, wasu matasa sun ƙona kadarorin mawaƙin a Kano, a Yulin 2024 kuma shafinsa na Facebook mai mabiya sama da miliyan ɗaya ya rufe bayan jama'a sun yi ta kai ƙararsa saboda wata waƙar yabon gwamnati a tsakiyar tsadar rayuwa. A siyasa manomi yana da abin gwadawa, domin ya san farashin buhun taki da na litar fetur tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. A kan ƙwayar magani ko takardar fuloti ba shi da irin wannan ma'auni.

Ladan goyon baya shi ma ba ɓoyayye ba ne. A zaɓen 2019 Kannywood ta dare biyu, wasu na Buhari, wasu irin su Sani Danja da Fati Muhammad na Atiku. A Janairun 2024 Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya. A Kano, Gwamna Abba ya ba jarumi Abba El-Mustapha, ɗan Kwankwasiyya a lokacin, shugabancin Hukumar Tace Fina-finai. Ba laifi ba ne a ba ɗan sana'a riƙon sana'arsa, wasu ma za su ce gara haka. Abin lura shi ne hukumar, wadda aka kafa a 2001, tana da ikon hana mutum cin abinci, kuma kowane ɓangare ya taɓa kuka da ita in ba nasa ne a sama ba. A 2019, zamanin Gwamna Ganduje, an kama darakta Sunusi Oscar 442 da mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa bisa zargin fitar da aiki ba tare da tacewa ba. Hukumar ta ce doka ta bi. Magoya bayansu suka ce laifin na ɗaya jar hular Kwankwasiyya ce, na ɗayan kuma kusancinsa da Sarki Sanusi. Ɗan fim da ya ga haka ya koyi darasi, ya san bakin da zai riƙa yabo da wanda zai kama.

To ina 'yan jarida, waɗanda aikinsu ne su tambayi mai magani shaidarsa, su tambayi mawaƙi wa ya biya? A karkarar Kano jarida tana nufin rediyo. Ita ce ke rataye a reshen bishiya ana noma, ita ce a gefen mai saƙar tabarma da mai sussukar gero. Dokar soja ta 1992 ce ta kafa hukumar NBC ta kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, a ƙarshen 2003 Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye a Kano, daga nan tashoshi suka yi ta ɓullowa: Rahma, Dala, Express, Arewa, Vision, Premier da sauransu. Alherin wannan ba ƙarami ba ne. Shiri irin In Da Ranka ya sa talaka ya ji ana tuhumar mai mulki da harshensa, abin da ba a saba ji ba a zamanin gidan rediyon gwamnati kaɗai.

Amma tasha tana shan dizal, ga albashi, ga kuɗin lasisi, kuma mai sauraro ba ya biyan ko sisi. Abin sayarwarta ɗaya ne, lokaci. Masu sayensa da yawa kuwa su ne gwamnati, 'yan siyasa da masu magani. Daga nan aka samu sojojin baka, mutanen da ake saya wa fili su shiga su yabi ubangida su yi wa abokin hamayyarsa zambo, har wasunsu suka zama taurari da kansu, ana gane muryarsu a kowace majalisa. Daga nan kuma aka samu shirin lafiya na rabin awa wanda mai maganin ne ya saye shi, mai gabatarwa yana yi masa tambayoyin da shi ya rubuto, ana buɗe waya ga masu shaida cewa sun warke. Ƙa'idar NBC ta ce a bambance talla da labari, a kuma sanar in an ɗauki nauyin shiri. Sanarwar takan zo da sauri a farko ko a ƙarshe, wanda ya kunna a tsakiya bai ji ta ba.

Son kai a kafar yaɗa labarai ba lallai ne ya zo da ƙarya ba. Ya fi zuwa ta hanyar abin da aka zaɓa a faɗa da abin da aka bari. Wakilin da ba a biya shi albashi a kan kari ba, in ɗan siyasa ya kira taro a birni ya ba da na mota, can zai tafi. Zuwa Kunchi a binciko dalilin da ya sa takin tallafi bai iso ba sai bayan an yi huɗa yana buƙatar kuɗin mai da yini guda, kuma ba mai ba da ambulan a ƙarshensa. Auren jaruma ko saɓanin mawaƙa biyu yana kawo dubban masu dannawa a Facebook, faɗuwar farashin gero a Dawanau ba ya kawowa. Tashar da mai magani ke saye mata awa biyu kullum kuma da wuya ta aika wakili ya kai garin nasa ɗakin gwaji. Ba wanda ya ba da umarnin a yi shiru, lissafin ne kawai ya nuna inda za a bi.

Kano ta taɓa ganin iyakar abin da murya a rediyo ke iya jawowa. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafin shan-inna tara a birnin, kwanaki kaɗan bayan wani shiri a Wazobia FM ya soki rigakafin. An kama ma'aikatan tashar, NBC ta dakatar da lasisinta, masu kare 'yancin jarida kuma suka ce an ɗora wa shirin laifin da ba a tabbatar ba. Hukuma takan tashi haiƙan in abin ya taɓa tsaro ko ya taɓa ta. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 da tara da sharar harabar kotu saboda ɓata sunan Gwamna Ganduje. A Mayun 2025 gwamnatin jihar ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa kai tsaye a tashoshi, masu suka na cewa wannan hurumin NBC ne, a watan ne kuma Hukumar Tace Fina-finai ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, a kan batun tacewa. Irin wannan zafin nama ba a cika ganinsa ba in wanda aka cuta talaka ne da ya sayi ruwan ganye a matsayin maganin ƙoda.

Dokoki dai suna nan a rubuce. A 2022 aka maye gurbin tsohuwar hukumar talla ta APCON da ARCON, wadda ta ce duk tallan da za a nuna wa 'yan Najeriya, har da na masu mabiya a intanet, sai an kawo ta duba, ta ma maka kamfanin Meta a kotu a shekarar tana neman naira biliyan 30. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ko ɗaurin shekara 10 ga masu shirin damfara irin na a-ninka-maka, hukumar SEC kuma ta gargaɗi taurari cewa tallata irin wannan zai iya jefa su ciki. A wasu ƙasashe an wuce gargaɗi. A Oktoban 2022 Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26 a Amurka saboda ta tallata wani kuɗin intanet ba ta bayyana cewa an ba ta dala 250,000 ba. Indiya, wadda Bahaushe ya san taurarinta kamar 'yan unguwarsu, ta fi kusa da mu a misali. Da aka dakatar da taliyar Maggi a can a 2015 bisa zargin yawan dalma, har Amitabh Bachchan da Madhuri Dixit da Preity Zinta aka shigar ƙara saboda sun yi tallanta, ko da yake kotu ta ɗage haramcin daga baya. Dokar kare mai saye ta 2019 ta ƙasar ta ba da damar cin tauraro tarar rupi miliyan ɗaya da hana shi talla na shekara guda in ya tallata ƙarya bai bincika ba.

Wahalar a nan ita ce hanyar da tallan ke bi. Bidiyon da aka ɗauka da Hausa a wani ɗaki a Zoo Road, aka saka a TikTok, wani ya sauke ya tura a WhatsApp, mai caji ya zuba shi a memori tare da fina-finan mako, ya isa ƙauye ba tare da ya ratsa teburin kowane jami'i ba.

Fuskar tauraro ta yi aikin alheri a wannan ƙasa, ba a musun haka. Bayan Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 ta dawo da shi a 2004, sarakuna da malamai da 'yan fim da mawaƙa duk an sa su cikin aikin lallashin iyaye, har aka kai Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Akwai kuma hajar da ta shiga karkarar Kano ta wata hanyar daban. Buhun ajiyar wake mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a 2007, kamfanin Lela Agro na Kano kuma ya riƙa ƙera shi, an yi masa sanarwa a rediyo, amma ba a tsaya nan ba. Malamin gona zai je ƙauye bayan girbi, manoma su kawo wakensu na kansu, a zuba a ɗaure a gaban kowa ba tare da digon magani ba, a bar buhun a hannun mai shi. Bayan watanni a sake taruwa a kwance, kowa ya sa hannu ya duba ko ƙwaro ya ci. Aikin ya ci lokaci da kuɗi, domin sai da aka horar da malaman gona aka bi da su gari-gari da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, abin da kamfanin da ke neman ribarsa a wannan daminar ba zai yi ba, tunda ɗaukar jarumi ɗaya na yini guda ya fi masa araha nesa ba kusa ba.